Da wane mudu ake auna rayuwarmu?

A watan Afrilun 2014 'yan Najeriya sun kwana suna na biyu a arzikin Afirka, suka wayi gari suna na ɗaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ce ta sake lissafi, ta sauya shekarar da take gwaji da ita daga 1990 zuwa 2010, sai jimillar abin da ƙasa ke samarwa a shekara, wato GDP, ta yi tsalle daga kimanin dala biliyan 270 zuwa 510. Aka yi ta shelar mun tsere wa Afirka ta Kudu. A ranar kuwa babu gidan da aka ƙara ko tsokar nama ɗaya a miya.

Hukumar ba ƙarya ta yi ba. Tsohon lissafin bai san da bunƙasar wayar salula da harkar fina-finai ba, dole a gyara shi. Matsalata da mudun ne kansa. GDP kuɗin da ya juya yake ƙirgawa, ba ruwansa da hannun wanda ya shiga, ba kuma ya tambayar abin da aka salwantar kafin a same shi.

A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Zinaren yana da farashi, idan ya isa kasuwa ya shiga lissafi. Kuɗin maganin da aka kashe ma lissafi ne, don an saya an sayar. Yaran da aka binne su ne ba su da gurbi a littafin. Haka motar gawayi: kowane buhu ciniki ne, amma dajin da aka sare ba a cire shi daga ko'ina. Ɗanyen mai kuwa ya fi kowanne. Abin da aka zuƙo daga ƙasa ba ya komawa, amma muna rubuta shi a matsayin riba, kamar magajin da ke yanka gonar gado fegi-fegi yana sayarwa, yana gaya wa ƙannensa bana an samu. Bankin Duniya ma yana da wani lissafi da ke cire ma'adinan da aka kwashe da dajin da aka cinye daga abin da ƙasa ta tara, sai dai ban taɓa jin an karanto shi a jawabin kasafin kuɗi ba.

Ga kuma batun rashin aikin yi. A ƙarshen 2020 NBS ta ce kashi 33.3 cikin ɗari ne. Da ta koma bin tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ke ɗaukar duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya sauko zuwa 4.1 a farkon 2023. Tsarin yana da ma'ana a ƙasar da ake biyan mara aiki alawus har ya samu. A nan wa ya isa ya zauna? Yaron da ke bin motoci da ledar fiya wata a danja, mai digirin da ke kabu-kabu da babur ɗin wani, duk masu aiki ne a takarda. Rahoton nan da kansa ya nuna fiye da kashi 90 na ma'aikatan buga-buga suke yi, babu albashi tsayayye, babu fansho. Wannan adadin ya kamata ya zama kanun labari.

Abin haushin shi ne mudu mai kyau yana hannunmu. Tun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitar da ma'aunin ci gaban ɗan Adam da masanin nan ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq, ya jagoranci ƙirƙirowa, wanda ke haɗa tsawon rai da karatu da kuɗin shiga. A gida kuma, a Nuwamban 2022, NBS ta fitar da binciken talauci ta fuskoki da dama. An shiga gidaje an tambaya: yaran nan suna zuwa makaranta? Minti nawa ne zuwa asibiti? Da me ake girki, ina ake ɗebo ruwa, akwai ban-ɗaki, an taɓa kawo muku hari? Sakamakon ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Sakkwato kashi 91, Ondo 27. An ma rarraba sakamakon har zuwa mazaɓun sanata 109, yadda kowane sanata zai iya ganin fuskar mazaɓarsa.

Me aka yi da shi? Ƙaramin ministan kasafi na lokacin, Clem Agba, ya ce gwamnoni sun bar karkara sun koma gina gadojin sama da filayen jirgi. Gwamnoni suka mayar da martani cewa laifin Abuja ne. Aka yi 'yan makonni ana nuna wa juna yatsa, ƙura ta lafa. Duk da haka maganar gadar tana da ƙamshin gaskiya, domin gada ana yanka mata kintinkiri a ɗauki hoto, malamar firamare da ta samu albashinta kan kari kuwa babu mai kiran 'yan jarida.

Ni a ganina a mayar da wannan bincike doka, a riƙa yin sa duk bayan shekara biyu, a ajiye sakamakon kowace jiha gaban majalisarta kafin a taɓa kasafi. Gwamnan da ya karɓi jiha a kashi 80 ya faɗa mana a nawa ya bar ta. Kafin nan ma akwai bashin da ake bin mu: rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu miliyan 140. Wadda aka tsara yi a Mayun 2023 an ɗage ta saura 'yan kwanaki a fara, don haka duk wani "kashi cikin ɗari" da na ambata a sama, a kan kintacen yawanmu aka ɗora shi.