Samarin Clydebank ba su ci amanar kiɗa ba

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san keken ɗinki na Singer, baƙin nan mai zanen ruwan zinare. Da yawa daga cikin tsofaffin kekunan an ƙera su ne a Clydebank, wani gari a bakin kogin Clyde, dab da birnin Glasgow na Sikotlan. A 1980 aka rufe masana'antar. Kafin nan ma, tun farkon shekarun 1970, aikin ƙera manyan jiragen ruwa ya tsaya a garin, alhali nan ne aka ƙera shahararrun jiragen ruwan fasinja Queen Mary da QE2. Zuwa 1982, a zamanin firaminista Margaret Thatcher, marasa aikin yi a Birtaniya sun haura miliyan 3. A shekarar ce wasu samari huɗu 'yan garin, Marti Pellow da Graeme Clark da Tommy Cunningham da Neil Mitchell, suka haɗu a ƙungiyar mawaƙan da duniya ta sani da suna Wet Wet Wet.

Na kawo wannan tarihin ne saboda masu sukar kundinsu na farko sukan tsallake shi. Kundin, Popped In Souled Out, ya fito a watan Satumba na 1987, kuma a Janairun 1988 ya hau saman jadawalin ciniki na Birtaniya. Waƙoƙi uku daga cikinsa sun shiga sahun goma na farko, an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a ƙasar kaɗai, kuma a 1988 aka ba su lambar yabo ta Brit a matsayin sabbin mawaƙan da suka fi fice. Duk da haka akwai masu sharhin da har yau suke ta ɓata fuska idan an ambaci kundin. Ƙorafinsu shi ne an goge kiɗan an shafa masa mai har ya rasa ɗanɗano, an kuma mayar da murmushin Pellow, mai rera waƙoƙin ƙungiyar, hajar da ake tallatawa 'yan mata a bangon mujallu.

Ƙorafin ba banza ba ne, don akwai labari a bayansa. Kafin wannan kundin, samarin sun je Memphis ta Amurka sun yi aiki da Willie Mitchell, mutumin da ya tsara sautin shahararren mawaƙin Amurka Al Green. Ga yaran da suka taso suna sauraron kiɗan baƙar fatar Amurka, wannan kamar almajiri ne ya samu zama a gaban babban malami. Da suka dawo da abin da suka ɗauka, kamfanin faifan ya ce sam, wannan ba zai shiga rediyo ba. Aka ajiye aikin, aka sake wani mai sheƙi, wanda kunnen mai sayen kaset na 1987 ya saba da shi.

To, a nan nake rabuwa da masu sukar. Mai ƙoshi ne yake da sukunin cewa gara a mutu da yunwa da a sassauta. Yaron da iyaye da maƙwabtansa suka ga an rufe ƙofar masana'anta a kan idonsu, idan aka ce masa ga hanyar da waƙarsa za ta kai gidaje miliyan, me zai hana ya bi? Kuma ba su jefar da garinsu a hanya ba. Waƙarsu ta farko da ta yi tashe, Wishing I Was Lucky, a kan neman aiki take da alkawuran da ba a cikawa. Mutane sun yi ta rawa da ita a gidajen biki, wasu ba su ma lura cewa kukan marasa aiki suke takawa ba. Da an bar ta a faifan da mutum dubu biyu za su saya, da wa ya ji kukan?

Ban ce cinikin bai zo da tsadarsa ba. Tambarin 'yan kwalisa ya manne musu, ya ƙi fita. Waƙar da ta fi ɗaukaka su, wadda ta yi makonni 15 a saman jadawali a 1994, ba tasu ba ce, tsohuwa ce ta ƙungiyar Troggs suka sake rerawa domin wani fim. Ta cika kunnuwan jama'a har su da kansu suka nemi a janye ta daga kasuwa. Mawaƙin da ya fara da rubuta damuwar garinsu ba zai so a ce da waƙar wani aka fi tuna shi ba.

Amma a duba abin da ya faru da aikin Memphis ɗin. Da kundin farko ya cika aljihun kamfanin, sai ga shi a ƙarshen 1988 ya zaro faifan da ya ƙi, ya kai shi kasuwa da sunan The Memphis Sessions, ya kuma shiga sahun gaba a jadawali. Kiɗan bai canja ba, samarin ne bakinsu ya yi nauyi a ofishin kamfani. Ni in aka ajiye mini kundin biyu yau, na Memphis zan fara sakawa, domin muryar Pellow ta fi fitowa a cikinsa ba tare da ado ba. Sai dai na san kundin 1987 ne ya biya kuɗin fito da shi daga akwati.