A fara kai intanet mai ƙarfi asibitocin karkara

Shawara mafi nauyi a asibitin ƙauye ita ce ko a tura marar lafiya gaba ko a riƙe shi. Idan aka kawo mai naƙuda da hawan jini tsakar dare a wani CSI, wato ƙaramin asibitin karkara, na yankin Tassara ko Tillia a jihar Tawa, majo (shugaban asibitin) ne da ungozoma za su yanke hukunci su kaɗai, alhali babban asibitin Tawa yana da tafiyar sa'o'i a cikin rairayi, Yamai kuwa ta haura kilomita 500 daga Tawa. In suka yi jinkiri ana iya rasa rai biyu. In suka tura ba dalili, iyali su sayar da akuya saboda zaman jinya a birni, ko da yake tiyatar haihuwa kyauta ce a Nijar tun wajen 2006.

A nan ne, a ganina, amfanin duba marar lafiya daga nesa ta intanet yake. Manomin Bagaroua ba zai zauna gaban kwamfuta yana hira da likita ba. Majo ne zai aika hoton eko, wato na duba cikin ciki, ko na ƙurjin da ya ƙi warkewa, ko awon jini, ƙwararre ya duba ya ce masa ga allurar da zai yi, ga lokacin da zai tayar da motar asibiti. Ma'aikata da yawa sun riga sun fara haka ta WhatsApp da kuɗin aljihunsu, suna fita bakin gari neman rezo, abin da ke jefa sirrin majinyata cikin salular mutane.

Hanyoyin samun intanet sun ƙaru. Ga Niger Telecom, Airtel, Moov da Zamani, ga Starlink mai amfani da tauraron ɗan'adam da ya fara aiki a ƙasar a 2025, wanda ba ya jiran a binne waya. Amma na'urar ba ta aiki sai da wuta, kuma yanke wutar da Najeriya ta yi wa Nijar a 2023 ya nuna cewa dogaro da layin kamfanin wuta na NIGELEC kaɗai bai isa ba, dole kowane asibiti ya samu faifan sola da batir.

Abin da aka fi mantawa shi ne wanda zai amsa kiran. Likitocin mata da na yara a Tawa 'yan ƙalilan ne, layin majinyata kuma yana gabansu tun safe. Ya kamata ma'aikatar lafiya ta tsara musu gadi na musamman, wato lokacin zama kan aiki, domin kiran karkara, da alawus a rubuce, ta kuma sanya kuɗin intanet na wata cikin kasafin kowane CSI.