Beyar ɗin Yellowstone da giwayen Yankari

Tun da na zauna a jihar Montana ta Amurka, babu muhawarar da ta tsaya mini a rai kamar ta farautar girizili, wato ƙaton beyar mai tozo a kafaɗa kamar na bijimi. Na taɓa hango mace ɗaya a kwarin Lamar da ke gandun dajin Yellowstone tana tonon saiwa da dogayen faratanta, 'ya'yanta biyu na manne da ita, mu kuma muna can nesa, kowa da gwangwanin feshin barkono na korar beyar a ƙugu.

Ni dai ban goyi bayan a buɗe farautarta ba, kuma dalilina yana cikin yadda take hayayyafa. Macen ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara biyar ko shida, tana haihuwar ɗaya zuwa uku a cikin raminta tsakiyar hunturu, lokacin da take kwance wata da watanni ba ci ba sha, sannan ta yi shekara biyu ko uku tana renonsu kafin ta sake ɗaukar ciki. A 1975, da aka sa ta cikin dabbobin da doka ta kare, waɗanda suka rage a yankin Yellowstone ba su kai 150 ba, kuma sai da aka kwashe kusan shekara hamsin kafin su kai wajen dubu. Shi ya sa na ji daɗi da alƙali Dana Christensen ya dakatar da farautar da jihar Wyoming ta shirya a 2018.

Mahalbin da na sani a gida nama yake nema, ya ci ya sayar. Mai neman girizili kuwa kai da fata yake so ya rataye a bango.

Sai dai ba na raina kukan makiyayan nan da beyar ke kashe wa maruƙa, domin na san manoman da ke kewaye da Yankari a Bauchi, waɗanda giwaye kan tattake musu gonar dawa cikin dare ɗaya. Bambancin shi ne a Montana da Wyoming akwai tsarin biyan diyya idan an tabbatar da ɓarnar, manomin namu kuwa sau da yawa haƙuri kawai ake ba shi, alhali ana so ya ƙaunaci giwar da ta cinye abincin shekararsa.