Mai gida ya gina tanderu, ɗan haya na biyan kuɗin wuta

A watan Maris na raka wani ƙanina neman gidan haya wajejen Lugbe, bikinsa ya matso, ejan ya kai mu wani sabon estet wanda fentinsa ma bai gama bushewa ba. Gida kam a ido ya haɗu, kwano baƙi wuluk ya miƙe sama sai kace za a yi wani benen a cikinsa, gilas tun daga sama har ƙasa a falo yana kallon yamma, tsakar gida an shafe shi tas da intalok, ko tsiron ciyawa ɗaya ba ka gani. Wajen ƙarfe uku na rana ne. Muna shiga ɗakin kwana wani hucin zafi ya dake mu, kafin mu gama leƙa banɗaki rigata ta jiƙe sharkaf. Na ce wa ejan, Malam wannan ai tanderu ne ba ɗaki ba. Ya yi dariya ya ce haba Alhaji, ai kowane ɗaki an bar masa ramin esi, kuma layin nan Band A ne wuta ba ta ɗaukewa.

Shi dai ejan a ganinsa ya ba ni amsa. Ni kuma tun ranar maganar take min yawo a kai, domin ita ce gaba ɗaya matsalar ginin Abuja: wanda ya gina gidan daban, wanda zai biya kuɗin sanyaya shi daban. Mai estet ya gina ya sayar ya wuce, mai gida ya karɓi hayar shekara ɗaya ko biyu ya sa aljihu, sai a bar ɗan haya da mita yana ta loda mata kuɗi kamar mai ciyar da doki.

Bari mu yi lissafi, don maganar ba ta jin daɗi ba ce kawai. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta ya tsaya naira 200 da 'yan kai. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi in kwamfuresa na aiki yana cin sama da yunit ɗaya a awa, kuma a ɗaki irin wanda muka shiga ɗin nan kwamfuresa ba hutawa zai yi ba, tunda bango da silin suna ta amayo masa zafi har tsakar dare. Awa takwas kullum, kwana talatin, yunit 240 kenan, wato naira dubu 50 a wata a kan ɗaki ɗaya tal, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake dubu 70. In kuma aka ɗauke wutar sai janareta, fetur ɗin da kafin ranar 29 ga Mayun 2023 bai kai naira 200 lita ba, zuwa ƙarshen 2024 ya haura dubu. Da can gwamnati ce ke ɗauke mana rabin laifin mugun gini ta hanyar tallafi shi ya sa ba ma ji a jika. Yanzu tallafi ya tafi, ginin kuwa yana nan yadda yake, ma ƙara lalacewa yayin yake yi.

To ta ina zafin ke shigowa? Mafi yawansa ta sama. Kwano mai duhu da tsakar rana yana iya wuce digiri 70, ka taɓa shi sai ya sale maka hannu, kuma ƙarƙashinsa ba komai sai silin POP mai kaurin yatsa, ba a shimfiɗa abin tare zafi ba, ba a bar ƙofar da iska mai zafi za ta fita ba. Sai yayin da ake yi yanzu na ɓoye kwano a bayan bango, gidan ya fito kamar akwati, an yanke bakin rufin nan da yake leƙowa yana yi wa bango inuwa, saboda haka rana ta daki bulo tun hantsi har la'asar, ruwan sama ma ya daki fenti kai tsaye shekara biyu ya fara ɓarewa. Sai tagar nan mai turawa gefe, wadda duk girmanta rabi kawai take buɗewa, kuma sau da yawa a bango ɗaya take, iska ta shigo ta rasa ta inda za ta fita. Duk wanda ya taɓa zama a tsofaffin kwatas na Garki ko Wuse ya san bambancin, gidajen ba kyan gani, amma taga mai fala-falan gilas ce da ke buɗewa gaba ɗaya, gaba da baya, ga baranda ga itatuwa sun yi musu rumfa, fanka kawai ta isa a yi barci in ba tsakiyar bazara ba.

Abin haushin shi ne wai muna da doka. A 2017, lokacin Babatunde Fashola na ministan wuta da ayyuka da gidaje, aka ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine tare da tallafin hukumar GIZ ta Jamus, kuma abubuwan da ke ciki ba wasu masu wuyar ganewa ba ne: kada taga ta wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai dai in za a yi mata inuwa, a sa abin tare zafi a rufi, a taƙaita wutar da ƙwayaye ke ja, a sa esi mai inbata. Yanzu don Allah ka ɗauki mota ka zaga Jahi da Guzape da Katampe da Wuye ka ƙirga da idonka gine-gine nawa ne suka yi kama da an karanta wannan takarda kafin a zana su. Ofisoshi ne na gilas zalla suna fuskantar faɗuwar rana, an kwafo hoto daga Landan inda su ranar suke nema ido rufe, mu kuma nan gudunta muke.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba ƙarya zai yi ba: mutumin da ke tasowa daga Mararaba ko Masaka ko Suleja tun asuba don hayar cikin gari ta fi ƙarfinsa, kai kana masa zancen launin kwano? Ya samu inda zai sa haƙarƙarinsa tukuna. Kuma duk wata sabuwar ƙa'ida a ƙasar nan takan zama sabuwar ƙofar karɓar na goro ne, magina su ɗora kuɗin a kan mai haya. Na yarda da rabin wannan. Inda ban yarda ba shi ne cewa abin tsada ne, don mafi yawansa a kan takardar zane ake gama shi kyauta. Juya dogon gefen gida ya kalli kudu da arewa maimakon gabas da yamma ba ya cin ko kwabo in fili ya ba da dama. Kwano mai haske da mai duhu kusan kuɗinsu ɗaya. Rage tsayin rufin nan na gasa ma katako zai rage maka. Dashen mangwaro ko darbejiya bai kai kuɗin intalok ɗin da za a shimfiɗa a gurbinsa ba. Abin da ke cin kuɗi da gaske shi ne abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, shi ma in ka gwada shi da kuɗin sayen esi uku da wutar da za su sha a shekara sai ka ga wasa ne, matsalar dai ita ce aljihun da zai biya wancan ba shi ne zai ci ribar wannan ba. Kuma talakan da ake fakewa da shi ɗin shi ya fi kowa shan wuya, don shi ba esin ma, shi ne mai ɗaki ɗaya kwano ba silin a Nyanya, wanda in Maris ta yi sai dai ya yayyafa ruwa a katifa ko ya kwashe yara su kwana waje sauro ya yi ta biki.

Shi ya sa nake ganin wa'azi kaɗai ba zai yi ba. Duk gini a birnin nan ai sai ya bi ta sashen kula da tsarin gine-gine kafin a sa masa hannu, to a nan ya kamata a tare abin, yadda ake duba tazarar gini da katanga haka za a duba rufi da taga. Gwamnati kuma ta fara da kanta. Gidaje 3,112 da shugaba Tinubu ya aza harsashinsu a Karsana a Fabrairun 2024, da duk wanda za a gina da bashin bankin lamunin gidaje na tarayya, babu dalilin da zai sa ba za a ɗaure su da ƙa'idar 2017 ba. In ma'aikata ba ta bi takardar da ita ta buga ba, da wane baki za ta tsare ɗan kasuwa?

Wasu kuma sola ce amsarsu ga komai. Sola alheri ce, ni ma ina da 'yar ƙarama da ke riƙe min fanka da firij, kai hatta fadar shugaban ƙasa an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 don ta koma sola, wanda shi kansa ya isa ya gaya maka yadda masu wutar suka yarda da wutarsu. Amma ka ɗora fanel da batir na miliyoyi a kan gidan da ke shan zafi ta sama da ta gefe ai ɗiban ruwa ne da kwando. Toshe kwandon tukuna, sai ka ga rabin batir ɗin ma ya ishe ka.

Intalok ɗin nan kuwa ba zafi kaɗai yake tarawa ba. Ruwan da ƙasa ya kamata ta shanye, kowane gida ya shafe tsakar gidansa da siminti ya turo shi titi, titi ya tura kwalbati, kwalbatin a cike da leda, sai ya taru ya faɗa wa na gangare, musamman inda aka yi gini a bakin rafi. Mun ga yadda ruwa ya shanye gidaje sama da 100 a estet ɗin Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023. Sannan mutumin da ya hana ruwa shiga ƙasa shi ne zai zo rani yana kukan bohol ɗinsa ya ƙafe.

Duk wanda ya je Jos ya daure ya shiga gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke harabar gidan kayan tarihi, akwai kwafin masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina asalinsa tun ƙarni na 19, da tubali da azara da ɗaurin guga. Ka shiga da rana tsaka ka ji yadda jikinka zai gaya maka. Bangon ƙasa mai kauri a hankali yake shan zafi, kafin ya ratso ciki dare ya yi gari ya huce, haka a sanyin Jos na Disamba yake riƙe ɗumi. Ba cewa nake a kwaso soron Kano a dasa a Gwarinpa ba fa, ruwan Abuja ya fi na can yawa nesa ba kusa ba, daga Afrilu har Oktoba ake tafka shi, ga damshi, rufin ƙasa zai sha wuya, nan abin da ake so shi ne rufi mai faɗin baki da iska mai ratsawa, ita kuma ƙasar a matse ta da inji a sa mata ɗan siminti kaɗan, irin bulon da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI ta daɗe tana nunawa. A Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, da irin wannan bulo mai zanen gini Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka gina sabon masallaci suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso makarantar ƙauyensu Gando ya gina da ƙasa, ya ɗaga kwano sama ya bar iska na bi ta ƙarƙashinsa, a 2022 ya karɓi Pritzker, kyautar da ta fi kowace girma a duniyar zanen gini. Mu kuwa ko da buhun siminti ya haura dubu 10 a farkon 2024 ba wanda ya waiwayi jar ƙasar da yake takawa, don a kanmu ginin ƙasa talauci ne, ka ce wa surukai gidan ƙasa za ka kai 'yarsu ka ga yadda fuska za ta canza, ko da kuwa ya fi na bulo tsada.

Mu 'yan haya ma da namu laifin, mun iya tambayar tayil da kabad ɗin kicin da ko an sa hita, amma ban taɓa jin wanda ya tambayi me ke cikin silin ba. Ka je duba gida da la'asar ba da safe ba, ka dafa bangon yamma da tafin hannunka, ka tambayi maƙwabci nawa yake lodawa a wata cikin bazara. In ka riga ka shiga, labule mai kauri ba ya wani taimako sosai tunda zafin ya riga ya ratso gilas, inuwar daga waje ake yinta, iyayenmu da suke rataya asabari a bakin ƙofa ba ado suke yi ba.

Ƙanin nawa dai a ƙarshe wani tsohon gida ya kama a Kubwa, taga gaba da baya, da wata ƙatuwar bishiyar mangwaro da ta rufe ɗakin kwana ta yamma, mai gidan wani dattijo ne ɗan fansho har yana ba mu haƙuri wai ganye na zuba da yawa, in muna so zai sa a sare. Na ce Baba don girman Allah a bar ta. Ranar jere kuwa sai da gwaggon amarya ta kira ni gefe ta ce, yanzu duk gidajen zamanin da ke garin nan ku rasa inda za ku kawo yarinya sai nan, ko wajen ɗaukar hoto babu. Gidan Lugbe kuma ejan ya kira ni bayan kwana huɗu, ya ce Alhaji kun yi sake, wani ya biya shekara biyu.