Kafin mu ce ɗan iska ne

Akwai wani yaro a ƙauyenmu nan gefen Ringim, mai ladabi, shi ke cika wa dattawa buta a masallaci. Bara ya faɗi a kan babur, kansa ya bugi kwalta. Ciwo ya warke, amma halinsa ya juye: zagi, faɗa, har ɗauke-ɗauke. Ranar kasuwa aka kama shi da wayar wani, aka yi masa dukan kawo wuƙa. Na ga mahaifiyarsa a tsugune ƙofar gidan mai gari tana share hawaye da bakin mayafi, tana cewa "Wallahi da ba haka yake ba." Wasu suka ce iskanci ne, wasu suka ce aljanu.

Abin nan ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake roƙon masu jin Turanci a cikinmu su nemi littafin Descartes' Error na Antonio Damasio, na 1994. A ciki akwai labarin Phineas Gage, ma'aikacin layin dogo a Amurka wanda ƙarfe ya huda masa gaban ƙwaƙwalwa a 1848. Ya rayu, amma waɗanda suka san shi suka ce ya zama wani mutum daban. Ina karantawa ina ganin yaron nan.

David Eagleman kuma, a Incognito na 2011, ya kawo Charles Whitman da ya harbe mutane a Jami'ar Texas a 1966, ya bar wasiƙa yana roƙon a duba ƙwaƙwalwarsa bayan ya mutu. Aka duba, aka tarar ƙari ya tsiro masa a ƙwaƙwalwa.

Wanda ya fi kama ni shi ne Behave na Robert Sapolsky, na 2017. Yana da kauri, sai an yi haƙuri. Ya nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum burki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Inda muka rabu da shi kuwa shi ne Determined na 2023, da ya ce mutum ba shi da zaɓi kwata-kwata. Wannan ban yarda ba.

Ai addininmu ya riga ya faɗa: an ɗauke alƙalami daga mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe. Dokar Penal Code ma, wato dokar hukunta laifuka ta Arewacin Najeriya, sashe na 51, ta yi la'akari da taɓin hankali. To me ya hana mu kai yaron nan wurin likita kafin mu kai masa sanda?

Jiya na zauna da kawunsa, mun tsayar da ranar Litinin za mu kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure.