Tai chi: motsa jikin da ya dace da dattawanmu a Gombe

A gidajenmu, da zarar tsoho ya zame a makewayi ko wajen alwala, maganar ɗaya ce: "Baba, ka zauna, mu za mu yi maka." Tausayi ne, amma zaman nan shi ke ƙara kashe ƙafa, har faɗuwa ta gaba ta zo da karayar ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki.

Shi ya sa nake ganin ya kamata mu dubi tai chi da idon basira. Wasan Sinawa ne da ya taso daga ƙauyen Chen na lardin Henan, kuma hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa wasan cikin al'adun duniya a 2020. Mutum zai tsaya da gwiwa a ɗan lanƙwashe, ya ɗora nauyinsa kan ƙafa ɗaya, sannan ya mayar kan ɗayar sannu a hankali, hannu na bin numfashi. Wannan jinkirin ne ke ƙarfafa cinya da idon sawu, ya saba wa jiki da kama kansa idan ya yi tangal-tangal.

A 2018 an wallafa wani bincike da aka yi a jihar Oregon ta Amurka kan tsofaffi 670. Masu tai chi sun rage faɗuwa da kashi 58 cikin 100 a kan waɗanda ke miƙe gaɓoɓi kawai.

Na san wani zai ce ai akidar Sinawa ce. Tushensa na da falsafar Tao, haka ne, amma abin da ake koya wa majinyata motsi ne da numfashi, babu bauta a ciki. Hajiya na iya yinsa a tsakar gida da hijabinta, ba sai ta je filin wasa na Pantami ta yi gogayya da samari masu gudu ba. Mai hawan jini dai kada ya ajiye maganinsa, mai jiri kuma ya fara a zaune ko kusa da bango.

Matsalar ita ce masu koyarwa. Bidiyon YouTube ba zai gyara wa tsoho tsayuwa ba. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe su ne suka fi cancanta su koyi 'yan matakai kaɗan, su horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwanni, a ware rana ta maza da ta mata.