Ba Dodgers ce ta ɓata besbol ba

Jama'a, na san yawancinku ba ruwanku da besbol, ƙwallon ƙafa ce ta gabanku. Ku yi haƙuri da ni yau, domin maganar ta cinikin 'yan wasa ce da fushin magoya baya, kuma wannan kun fi ni saninsa.

A Amurka, da zarar an kammala World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofin gasar, a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, sai a rufe filaye, sanyi ya sauko, a koma kasuwa har zuwa Fabrairu lokacin da ake fara atisaye. A watannin nan da ba a buga ko wasa ɗaya ne magoya baya suka fi tayar da jijiyar wuya. Kuma tun Disambar 2023 kukan nasu kusan ɗaya ne: wai kulob ɗin Los Angeles Dodgers ya kashe wasan da kuɗi. Ni dai ban yarda ba. Akwai abin fushi, ƙwarai kuwa, amma an kai shi gidan da ba nan ba ne.

Daga Shohei Ohtani abin ya samo asali. A besbol, mai jifa daban, mai dukan ƙwallo daban, kowa da sana'arsa. Wannan ɗan Japan ɗin shi yana yin duka biyun, kuma a kowanne yana sahun gaba, abin da ba a gani ba tun zamanin Babe Ruth, shahararren ɗan wasan dā. Shekara 6 ya yi a Los Angeles Angels, daga 2018 zuwa 2023, ya zama gwarzon ɗan wasa sau biyu, amma ko sau ɗaya kulob ɗin bai kai zagayen kifa-ɗaya-ƙwala ba. Kai, ko kakar da nasara ta fi rashin nasara yawa ba su taɓa yi da shi ba, alhali ga wani tauraron, Mike Trout, a gefensa.

Da kwantiraginsa ya ƙare, sai aka yi abin dariya da ban tausayi a ranar Juma'a 8 ga Disamba, 2023. Wani sanannen ɗan jarida ya rubuta cewa Ohtani yana kan hanyar Toronto. Nan take dubban magoya bayan Blue Jays, kulob ɗin Toronto, suka duƙufa a shafin bibiyar jirage, suna kallon wani ɗan ƙaramin jirgi da ya tashi daga kudancin Kalifoniya yana rarrafe a kan taswira, jiha bayan jiha, har ya shiga Kanada. Mutane sun ajiye aiki suna kallon ɗigo a waya. Da jirgin ya sauka aka buɗe ƙofa, sai ga wani ɗan kasuwar Kanada, Robert Herjavec, ya fito. Ohtani yana gida ko motsi bai yi ba. Washegari ya saka tambarin Dodgers a Instagram, shi ke nan.

Kuɗin kuwa dala miliyan 700 ne na shekara 10. Amma abin da ya ƙona wa mutane rai shi ne yadda za a biya. Dala miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara. Ragowar miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043, kuma babu kuɗin ruwa a kai. Aka yi ta ihu cewa maguɗi ne, an yi wa harajin gasar dabara.

To, a tsaya. Gasar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ba ta da iyakar albashi. Abin da take da shi haraji ne da kulob ke biya idan albashin 'yan wasansa ya wuce wani mizani, wanda a 2024 dala miliyan 237 ne. A lissafin wannan harajin, ana ƙirga wa Dodgers kusan miliyan 46 a shekara a kan Ohtani, ba miliyan 2 ba, kuma a lokacin babu ɗan wasan da aka taɓa ƙirga wa haka. Dokar ta kuma tilasta wa kulob ya riƙa ware kuɗin da ya jinkirta, ba wai ya bar wa jikoki bashi ba. Jinkirta biya ma tsohon abu ne: har gobe New York Mets na biyan Bobby Bonilla sama da dala miliyan 1 duk ranar 1 ga Yuli, tun 2011 har zuwa 2035, mutumin da ya daɗe da ajiye sanda. Kuma ba Dodgers kaɗai aka buɗe wa wannan ƙofar ba. Farhan Zaidi, wanda ke jan ragamar San Francisco Giants a lokacin, ya fito ya faɗa cewa su ma sun amince da kusan irin wannan yarjejeniyar. Ohtani ne ya zaɓi inda zai ci kofi, bayan shekara shida yana kallon wasannin kifa-ɗaya-ƙwala na Oktoba a talabijin. Wa zai ga laifinsa?

Bayan shi Yoshinobu Yamamoto ya zo a kan miliyan 325 na shekara 12, suka cinye Yankees a World Series ta 2024. Ba su tsaya ba, suka ƙaro Blake Snell a kan miliyan 182. Sai Roki Sasaki a Janairun 2025, kuma shi ne ya fi ba ni hujja. Saboda bai kai shekara 25 ba, dokar ɗauko 'yan wasa daga waje ta ƙayyade abin da za a iya ba shi, dala miliyan 6.5 ya karɓa na sa hannu. Babu kulob ɗin da ba zai iya biyan wannan ba a duk gasar. Toronto da San Diego sun kai matakin ƙarshe a zawarcinsa, ya bar su ya tafi Dodgers. Wannan ba kuɗi ba ne, suna ne da tsari da yadda ake kula da hannun mai jifa.

Mutanen Toronto kam ina tausaya musu, don Allah ya jarrabe su da wannan kulob ɗin. Sun haɗu a World Series ta 2025, a wasan farko suka yi ta rera wa Ohtani cewa ba sa bukatarsa. A wasa na bakwai, a gidansu, saura su fitar da mutum biyu su ɗaga kofin da rabonsu da shi tun 1993, sai Miguel Rojas, wanda ba ya cikin masu manyan kwantiragi, ya doka ƙwallo ta fice daga fili aka yi kunnen doki. Will Smith ya ƙarasa su a zagaye na 11. Yamamoto da ya yi jifa jiya-jiya ya sake fitowa ba hutu ya rufe wasan. Wanda ya kalli wannan daren ba zai ce an sayi kofi a kanti ba. Da ƙyar da jiɓin goshi suka sha.

In da kuɗi kaɗai ke cin kofi, da Mets ta ci. Mai kulob ɗin, Steve Cohen, ya ƙwace Juan Soto daga hannun Yankees a Disambar 2024 a kan dala miliyan 765 na shekara 15, ba jinkirin ko sisi. Magoya bayan Yankees suka yi ta kiransa maci amana, mutumin da shekara ɗaya tak ya yi musu, kuma musayarsa aka yi aka kawo shi, ba shi ya zaɓa ba. Mets ta ƙare 2025 da nasara 83, rashin nasara 79, ko zagayen gaba ba ta leƙa ba. A shekarar, Milwaukee mai ƙaramin aljihu ce ta fi kowa nasara, 97. Gaskiya ne Dodgers ta zo ta share ta 4 da nema daga baya, ba zan ɓoye wannan ba.

Ba kuma zan ce fili ɗaya ake gudu a kai ba. A 2013 Dodgers ta ƙulla cinikin talabijin na dala biliyan 8.35 na shekara 25, abin da kulob ɗin Pittsburgh ko Kansas City ba zai gani ba ko a mafarki. Nan ne ainihin rashin daidaiton yake, a kuɗin talabijin na kowane gari. Amma a tuna, wannan Dodgers ɗin ce ta shiga kotu tana bayyana karayar arziki a 2011 a hannun mai ita na lokacin, Frank McCourt. Garin bai canza ba, masu kulob ne suka canza a 2012. ('Yan Chelsea, Mark Walter da Todd Boehly naku suna cikin masu ita, sai ku daina mamakin dogayen kwantiragi.)

Tambayar da nake so magoya baya su riƙa yi ita ce: namu mai kulob ɗin me ya yi da nasa kuɗin? Akwai tsarin da manyan kulob ke tara kuɗi a raba wa ƙanana don su ma su yi gogayya. Pittsburgh Pirates rabonta da zagayen kifa-ɗaya-ƙwala tun 2015. Allah ya ba ta Paul Skenes, mai jifan da ya lashe kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2025, amma aka bar shi ba mataimaka, yana hana abokan hamayya ci, nasa kuma ba sa ci masa. Magoya bayansu sun gane, shi ya sa suke yi wa mai kulob ɗin, Bob Nutting, ihu ya sayar da shi. John Fisher, mai Athletics, ya bar ta ta lalace a Oakland, garin da take tun 1968, sannan ya kwashe ta bayan kakar 2024 zuwa wani ƙaramin fili a Sacramento kafin a gama masa gini a Las Vegas. Boston kuwa ba talaka ba ce, masu Liverpool ne ke da ita, amma a Fabrairun 2020 ta miƙa wa Dodgers Mookie Betts da hannunta don rage albashi. Yau a ce Dodgers ta tara taurari, wa ya ba ta?

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake son karkatar da wannan fushin. Yarjejeniyar da ke tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disamba, 2026, kuma wasu masu kulob sun fara kiran a sa iyakar albashi, magoya baya na tafa musu. An taɓa gwada haka a 1994, 'yan wasa suka tafi yajin aiki a watan Agusta, aka soke World Series a karon farko tun 1904. Ƙungiyar ba ta taɓa amincewa da iyaka ba, kuma tana da dalili. Kafin 1975 ɗan wasa mallakin kulob ne har ya yi ritaya. Curt Flood ya ƙi yarda a musanya shi daga St. Louis zuwa Philadelphia a 1969, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 1972, sana'arsa ta mutu a kan haka. Ko yanzu sai ɗan wasa ya yi shekara 6 a babbar gasa kafin ya samu 'yancin zaɓar inda zai je, kuma kafin nan ana iya musanya shi da dare ya ji a waya. Mutumin da ya jira wannan ranar, in ta zo ya bi wanda ya fi biya ko wanda ya fi tsari, ban ga cin amana a ciki ba.

In aka sa iyaka, kuɗin da aka hana Soto ba zai koma aljihun mai sayen tikiti ba, wurin mai kulob zai zauna. Ni abin da zan goyi baya shi ne a tara kuɗin talabijin a raba shi fiye da yadda ake yi yanzu, sannan a sa mafi ƙarancin abin da dole kowane kulob ya kashe a kan 'yan wasa. Wanda ya karɓi rabonsa ya ƙi kashewa, a hana shi na baɗi.